Yadda Za Ka Auna Bakin Da Ƙasa Za Ta Iya Ciyarwa

Ni malamin gona ne, kuma duk wanda ya tambaye ni ko duniya tana da iyakar mutanen da za ta iya ɗauka, rumbunsa nake fara tura shi. A watan Nuwamba na 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mun kai biliyan 8, alhali wajen shekarar 1800 biliyan ɗaya ake. Irin wannan adadi ba ya shiga kai. Lissafin gida ɗaya kuwa yana shiga, kuma da shi ake gane na duniya.

Ka fara ƙirga bakin da ke ci daga tukunyar gidanka, har da baƙo da almajirin da ake zuba wa. Ka ware wa kowa kusan buhu biyu na hatsi a shekara, wato kilo 200. Gida mai mutum goma buhu 20 ke nan, ban da iri, ban da zakka, ban da wanda za a kai kasuwa ranar da yaro ya kwanta ciwo.

Sai ka duba abin da gonar ke bayarwa, kuma a nan ne mutane ke yaudarar kansu. Kada ka lissafa da shekarar da damina ta yi albarka. Ka tuno shekarar da ruwa ya ɗauke gero na bunni, ka yi lissafi da ita, domin fari ne ke nuna iyakar ƙasa. Masu tsawon rai a cikinmu ba su manta 1973 da 1984 ba. Wannan ba jayayya da arzikin Allah ba ne. Annabi Yusuf ma tanadin shekara bakwai ya yi saboda bakwai masu tsanani. Gero a jigawa, babu taki, da ƙyar hekta ke wuce buhu biyar. Ka raba da biyu, ka ga bakin da take ɗauka.

Amma kada ka ɗauki wannan adadi kamar an sassaƙa shi a dutse. A 1798 Thomas Malthus na Ingila ya yi hasashen cewa haihuwa za ta riƙa tsere wa abinci. Bai san cewa a Jamus Fritz Haber da Carl Bosch za su gano hanyar haɗa takin zamani daga iska ba, wanda a yau kusan rabin mutanen duniya ke cin abincin da aka noma da shi. Mu ma muna da namu misalin. Karkarar da ke kewaye da birnin Kano ta daɗe cike maƙil da mutane, ana noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, saboda kashin dabbobi da sharar birni da ake kaiwa a kan jakuna. A Maraɗi da Damagaram kuma, tun daga shekarun 1980, manoma suka daina tumɓuke tohon itatuwa lokacin sassabe, suka bar gawo ya tashi a gonaki, har wajen hekta miliyan 5 suka farfaɗo. Don haka ka sake lissafin sau biyu: gonar yadda take yanzu, da gonar idan ta samu taki da gawo.

Ka saka abin da ake ci a ma'auni. Kusan kashi ɗaya cikin uku na hatsin duniya dabbobi ake ba, don haka ƙasar da ke ciyar da masu tuwo goma ba za ta ciyar da masu nama kullum goma ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwa, don taki ana saye, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa in ya janye sai haƙuri. Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, zuwa shekarun 1980 ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma. Ka auna igiyar gugar rijiyarku a watan Afrilu, ka tambayi dattawa gaba nawa take a zamaninsu. In ta ƙaru sosai, kada ka dogara da noman rani wajen cike giɓin rumbu. Ka fara da tare ruwan damina a gona da kunya da jeren duwatsu, kafin ka ci bashin injin ban ruwa.