Kurakuran da muke yi kan jini, da gyaransu

Idan aka zuba jini a kwalbar awo, na'ura ta juya shi, sai ya rabu uku. A sama akwai ruwa mai launin ɗorawa, wajen kashi 55 cikin 100, shi ke ɗaukar abinci da gishiri zuwa sassan jiki. A ƙasa jajayen ƙwayoyi ne masu kai iskar numfashi. Tsakaninsu akwai siririn layi fari-fari: fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta, da wasu ƙanana masu daskarar da jini idan an yanke. Kurakuranmu na zuwa ne daga ɗaukar duka wannan a matsayin jan ruwa guda.

Wanda ya fi damuna shi ne na yara lokacin damina. Masassarar cizon sauro ta kama yaro, tafin hannunsa da cikin fatar idonsa su yi fari, sai a dinga ɗura masa zoɓo wai ya ƙara jini, don kawai ja ne. Ƙwayar masassarar tana shiga jajayen ƙwayoyi ne tana farfasa su, launin abin sha ba ya mayar da su. A kai shi likita a ranar, a auna. Sabbin ƙwayoyi a ɓargo ake yin su, kuma suna buƙatar sinadarin ƙarfe: hanta, nama, kifi, wake, zogale. A matsa lemun tsami a kai. Shayin nan mai kauri da ake sha a fadar samari a Yamai kuwa, a jinkirta shi bayan cin abinci, domin yana rage shigar ƙarfen.

Masu shirin aure na yawan rikita awo biyu. A, B, AB da O rukunin jini ne, ana duba su lokacin ƙarin jini. AA, AS da SS kuwa maganar amosanin jini ce. AS biyu suka yi aure, kowane ciki na da haɗarin 1 cikin 4 ya zo da SS, wato mai cutar. Katin rukunin jini bai nuna wannan, sai an nemi awonsa daban.

Hawan jini ma ba yawan jini ba ne, matsi ne a jijiyoyi. Ƙaho ba ya sauke shi.

Sai tsoron ba da jini. Babban mutum na da kimanin lita 5, ana ɗibar ƙasa da rabin lita. Ruwan yana dawowa cikin kwana 2, jajayen ƙwayoyi cikin ƴan makonni. A ci abinci, a sha ruwa kafin a je.