Kayan ma'aikatan kumbo a talabijin: inda masu ɗinki ke tafka kuskure

Duk mai tsara yunifom na shirin ƙagen kimiyya ya fara da tambaya ɗaya: wanda zai sa kayan nan, wane aiki yake yi a cikin kumbon? Yawancin kurakurai daga tsallake tambayar nan suke fitowa.

Babbansu shi ne matse jiki. Da aka fara shirin Star Trek: The Next Generation a 1987, riga haɗe da wando aka ɗinka wa 'yan wasa da yadin spandex mai talewa kamar roba, aka kuma rage girmanta da gangan don kada ta tattare a gaban kyamara. Kyau kam ta yi kyau. Amma tana jan kafaɗa ƙasa har Patrick Stewart, wanda ya fito a matsayin kyaftin ɗin kumbon, ya kamu da ciwon baya, ga yadin da riƙe warin gumi. Sai a zango na uku, 1989, mai tsara kayan shirin, Robert Blackman, ya raba riga da wando, ya koma yadin ulu. Gyaran ba wuya: ranar gwaji a sa ɗan wasa ya zauna, ya tsuguna, ya ɗaga hannu, ya hau tsani. A kuma tuna mutum ne, zai zaga bayi.

Rashin aljihu shi ya fi damuna. Injiniya zai shiga gyaran inji, ina zai sa sukundireba? 'Yan sama jannatin da ke tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa (ISS) riga mai gajeren hannu suke sawa da wando mai aljihuna, an liƙa masa Velcro (ƙyallen nan mai maƙale abu) a cinya, domin abin da ka saki a can yawo zai kama yi a iska. Shirin Star Trek: Enterprise na 2001 ya gane haka, ya cika kayansa da aljihu mai zik, kuma nan take ka yarda ma'aikata ne.

Sai hular kwano mai fitila a ciki. Don mu ga fuskar jarumi ake yi, na sani, amma hasken zai dawo daga gilashi ya kashe masa ido. A mayar da fitilar waje, mai ɗaukar hoto ya haska fuskar ta wata hanya.

Kada a manta da wanki. Rigunan shirin Star Trek na farko, na 1966, duk wankin da aka yi musu sai sun ƙanƙance. A wanke ƙyallen gwaji sau da yawa kafin almakashi ya taɓa yadin.