Yadda za ka dawo da baccin mafarki idan kai mai tashin asuba ne

Yawancin masu cewa "ina bacci amma ba na wartsakewa" kuskurensu ɗaya ne, awa nawa suka kwanta suke ƙirgawa, ba sa duba wane ɓangaren dare suka yanke. Bacci zagaye yake yi, kowane zagaye kusan minti 90, kuma a ciki akwai matakin da likitoci ke kira REM, lokacin da ido ke ta kai-komo a rufe, ƙwaƙwalwa na aiki kamar kana farke amma jiki a sake kamar an zare masa laka. A nan ake yawancin mafarkin da kake tunawa da safe. Tun 1953 Aserinsky da Kleitman suka gano shi a jami'ar Shikago, kuma masu bincike na danganta shi da riƙe karatu da hucewar zuciya bayan ɓacin rai.

To ga inda gizo ke saƙar. REM ɗin farkon dare gajere ne, minti 10 haka, dogayen sai wajen asuba suke zuwa. Wanda ya kwanta ƙarfe 1 ya tashi 5, babban kason ne ya tafi.

Mataki na farko, ka fara lissafi daga asuba ka dawo baya. Babba na buƙatar awa 7 aƙalla, in ƙarfe 5 kake tashi to ƙarfe 10 ta same ka a kwance, fitila a kashe. Nan ne ni na sha kashi, kuma nan nake ganin kowa na faɗuwa, don mutum zai kwanta 10 ɗin da gaske amma waya na hannu, ni a lokacin datar dare mai arha ce ta ɗaure ni, in ce bari in sauke bidiyo ɗaya, kafin in ankara 1 ta gota, in yi sallah ido na yaji, in wuni ina faɗa da mutane kan abin da bai kai ya kawo ba. Kuma kar ka ce yau ɗaya za ka koma daga 1 zuwa 10, juyi kawai za ka yi ta yi kan katifa har ka haƙura ka ɗauko wayar. Ka riƙa matsowa da minti 20 duk kwana biyu. Wayar kuma a bar ta tana caji a falo, agogon ƙararrawa na batir ba shi da tsada.

Na biyu, daga la'asar ba shayi mai kauri, ba kofi, ba goro. Rabin sinadarin da ke hana baccin na nan a jini bayan awa 5. A teburin mai shayi da dare ka ce madara zalla.

Na uku, kar ka je kemis ka sayi maganin bacci da kanka, wasunsu REM ɗin ma suke ragewa, giya ma haka.

In kana da sarari bayan sallah ka koma awa ɗaya, baccin safe cike yake da mafarki. Kwanakin farko za ka ga mafarkai sun yi yawa har da na ban tsoro, jiki ne ke biyan bashi. Dannau ma daga nan yake, ka farka alhali jiki bai gama fita daga REM ba, yana wucewa da kansa, kuma ya fi kama mai kwanan rigingine, don haka ka kwanta ta gefe.

Sauran ka sani, gidan sauro, fanka in akwai wuta, tuwo da wuri. Amma in matarka ta ce kana minshari har numfashinka na ɗaukewa, wannan sai likita.