Tunatar da masu zuwa cibiya ta imel

Jama'a, masu kula da cibiyoyin motsa jiki da na koyon sana'a, ga shawara. Sau da yawa mantuwa ce ke hana mutane zuwa, ba ƙi ba. Ku riƙa tura imel ana gobe za a zauna, ku sa rana da lokaci a kan taken, domin wasu take kaɗai suke dubawa. Ku bar musu hanyar cewa ba za su samu zuwa ba, sai a ba wani gurbin.

Wanda ya yi fashin mako 2 kuwa, don Allah kada a tura masa saƙon kowa da kowa. A ambaci sunansa, a ce ana cigiyarsa, a tambayi ko lafiya. Izinin tura saƙon kuma a nema tun ranar rajista.