Yadda Ake Ɗora wa Peugeot 504 Kafireton Weber

Masu 504 da ke shigowa garejina, yawancinsu magana ɗaya suke kawowa: mota ba ta ja a hawa, tana zuƙar mai, a sa musu babban kafireto. Ni kuwa ba na taɓa kafireto sai na gama da wuta. In fulogi ya mutu, kontak ya cinye, tayimin ya goce, ko bawul yana yoyo, to ko na zinari ka ɗaura, haka motar za ta ci gaba da tari. Gyara waɗannan tukuna, ka gwada ta. Sau da yawa a nan zancen yake ƙarewa.

Amma akwai lokacin da tsohon kafireton Solex da motar ta zo da shi ya gaji da gaske. Motocin nan tun 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kakuri, Kaduna, kuma wasu har yau da kafireton da suka fito da shi suke yawo. Kama sandar totur da yatsu ka girgiza ta. In tana wasa sama da ƙasa, ramin ya buɗe, iska na satar hanya ta nan, kuma ba saitin da zai zauna. Wannan shi ne lokacin canji.

Abin da nake ɗorawa shi ne Weber 32/36. Maƙogwaro biyu gare shi, na farko milimita 32, na biyu 36, kuma ba tare suke buɗewa ba. A cikin gari ƙaramin ne kaɗai ke aiki. Sai ka taka totur ya yi nisa, kamar za ka wuce tirela a hanyar Zariya, sannan babban ya shigo. Shi ya sa ya dace da injin 1.8 da na 2.0. Wanda ya fi shi girma, wanda bakunansa ke buɗewa lokaci guda, na masu tsere ne, zai dai ƙarar maka da aljihu. Kala uku ne ta wajen cok, wato abin da ke rage iska don tayar da inji mai sanyi: DGV na ja da waya, DGAV na ruwan zafi, DGEV na lantarki. Ni DGV nake so, don a zafin ƙasarmu cok sai da asubar hunturu, kuma abin da hannunka ke ja ba ya maƙalewa a rufe ba ka sani ba.

Wajen saye ka buɗe ido, ko a Panteka ko a Ƙofar Ruwa. Kwaikwayo ya cika kasuwa, kwali mai kyau, ciki kuwa jet ɗin, wato ɗan sukurun mai rami da ke auna mai, ba lamba. Kwance jet ɗaya a gaban mai shago ka duba lambar da aka buga a jikinsa. Ka tafi da gaskit ɗin gindin tsohon kafiretonka ka ɗora a kan sabon, nan take za ka ga ko ramukan noti sun hau. In ba su hau ba, sai da farantin haɗi a tsakani. In kuma motarka mai Solex baki ɗaya ce, canza manifol ɗin, wato bututun da kafireto ke zama a kai, gaba ɗaya zuwa mai baki biyu. Kada ka yarda a matse maka baki biyu a kan rami ɗaya, asarar kuɗi ce.

Ranar aiki, bari inji ya huce, cire kan batir na nagatif, ɗauki hoton kowane tiyo da wayarka kafin ka zare shi. Da ka ɗaga tsohon, toshe bakin manifol da tsumma mai tsabta. Washa ɗaya ta faɗa ciki, sai an buɗe kan inji. Kankare fuskar ta yi sumul, sa sabon gaskit a bushe. Ban da gam ɗin silikon, fetur na narkar da shi ya je ya toshe jet. Notuna huɗu a ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, kuma da hannu mai sauƙi, don gindin alminiyam ne, yana lanƙwashewa.

Sai tiyoyi. Na birki ya koma manifol, a ɗaure shi da kilif, rai ne. Ƙaramin tiyon distirbito ya tafi bakin da ke jikin kafireto. Sa sabuwar matatar mai kafin shiga, don tankokin nan sun yi tsatsa. Weber ba ya son matsin mai ya wuce psi 3 zuwa 3.5, in famfon lantarki ka sa, haɗa da ragileto mai rage matsin mai, in ba haka ba zai riƙa ambaliya. Ka sa yaro ya taka totur har ƙasa kana leƙawa da inji a kashe: bakin biyu su miƙe tsaye, in ya saki su koma da kansu ba tare da ɗosawa ba.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne ƙaramar matatar iskar nan mai ƙyalli da ke zuwa da shi. Ƙurar hunturu ba ta san ƙyalli ba, ratsawa take ta cinye ringi. Kai tsohuwar iyakilinarka, wato gidan matatar iska, wurin mai walda ya yanka mata gindi daidai bakin Weber, a rufe ko'ina ruf.

Saitin silo kuwa sai inji ya ɗauki zafi. Rufe sukurun gauraya mai da iska a hankali har ya taɓa, ba da ƙarfi ba, ka buɗe zagaye biyu. Tayar. Ka riƙa shigar da shi har inji ya fara rawa, sannan ka dawo baya rubu'i-rubu'i har muryarsa ta daidaita. Kunne ne ke wannan aikin. Daga nan ka kawo silo tsakanin 800 da 900 a minti da ɗaya sukurun, na gudun silo. In sai ka buɗe sukurun gauraya ya haura zagaye uku kafin ya zauna, jet ɗin silo ya yi ƙarami, canza shi, kada ka tilasta.

Yanzu hau titi ka ba ta wuta sosai, ka tsaya ka kwance fulogi. Bakinsa ya zama kalar soyayyar gyaɗa. Baƙi mai toka, mai ya yi yawa. Fari fat, mai ya yi kaɗan, kuma wannan ya fi haɗari. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa na cewa a matse masa jet. Na san zafin aljihu, amma injin da aka hana mai yana ƙona bawul, kuɗin kan inji kuwa ya ninka abin da ka yi tsimi. Mai zama Jos, inda iska ta fi sirara, shi ne zai iya rage jet mataki ɗaya.

Bayan mako guda, koma kan notunan gindi ka ƙara musu ɗan ɗauri, gaskit ya kwanta a lokacin. Ka shinshina kuma ka shafa kowane haɗin tiyon mai. In ka ji danshi, kada motar ta bar gida sai an sake kilif.