Gyaran filash ɗin kyamara da ya faɗi ƙasa

A cunkoson hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, ko a gidan biki inda yara ke kutsawa tsakanin ƙafafun mai hoto, filash ne ke fara shan ƙasa. Ƴar ƙafa ɗaya ce ke riƙe da shi a saman kyamara, kansa kuma ya fi ƙafar nauyi. Kada ka yi saurin ɗaukar turnabis. Gwajin minti biyu zai nuna maka inda ciwon yake, kuma sau da yawa ba sai an buɗe kan ba.

Cire shi daga kyamara ka girgiza shi kusa da kunne. In ka ji wani abu na kaɗawa a cikin kai kamar tsakuwa a gwangwani, mai yiwuwa gilashi ne ya fashe, kada ka kunna shi. In shiru ne, sa masa sabbin pil huɗu na AA ka kunna. Lafiyayye yakan yi siririn kuka irin na sauro, fitilar shiri ta kama cikin ƴan daƙiƙu. Sai ka danna maɓallin gwaji.

In bai kawo wuta ba sam, fara da murfin pil. Faɗuwa tana lanƙwasa ƴan ƙarafan da ke jikinsa ko ta tsaga maƙallinsa, sai pil su daina taɓa ƙarfe. Matse murfin da babban yatsa ka sake kunnawa. In ya tashi, ka gano matsalar: ɗaga ƙarafan a hankali da bakin allura, ka goge su da alkol na farmasi mai digiri 90.

In yana haskawa da maɓallin gwaji amma ya ƙi a kan kyamara, ƙafar ce, kuma ita ce ta fi yawan karyewa. A yawancin filash na Canon, Nikon, Godox da Yongnuo noti huɗu ne ke riƙe da ita daga ƙasa. Kwance su da ƙaramin turnabis mai bakin gicciye, lamba 00, ka zuba su a murfin kwalba, don wanda ya faɗa cikin yashi ya tafi ke nan. Ja ƙafar sannu, akwai siraran wayoyi a bayanta, wasu da ɗan soket, wasu a like da dalma. Ɗauki hotonsu da wayarka kafin ka cire ko ɗaya. Cikin ƴan allurorin da ke ƙarƙashin ƙafar, ta tsakiya ita ce ke ba da umarnin haskawa, sauran su ne ke kai saƙo tsakanin filash da kyamara, shi ya sa ƙafar Canon ba ta zama a madadin ta Nikon. Sabuwa ake sawa, mai lambar samfurin daidai. In babu a Kasuwar Dole, ba da sautu Kano ko Yamai. Liƙe tsohuwar da gam mai saurin bushewa asara ce: ba ya ɗaukar nauyin kai, turirinsa kuma yana barin farin tabo a kan ƙarafan haɗi. Duba mazaunin filash a saman kyamarar ma, shi ma yakan lanƙwashe.

Aikin da ke da haɗari shi ne in fitilar shiri ta kama, ka danna, babu haske. Nan galibi ƙwan filash ne ya tsage ko wayarsa ta tsinke, dole a buɗe kai. A ciki akwai kwandansa, ma'ajiyar wuta mai ɗaukar wajen bolt 300 zuwa 330, kuma cire pil ba ya zubar da ita. Tunda ƙwan bai haska ba, wutar tana nan cike. Tana iya ƙona yatsa, in ta ratsa ƙirji tana iya tsayar da zuciya. A filash da yawa tana kwance cikin gwiwar da kai ke juyawa a kai, ana isa bakinta ta ƙarƙashin robar gefe. Haɗa bakinta biyu da rezistans, ɗan abin da ke rage gudun wuta, mai kilo-om 5, wat 5, da wayoyi masu rufi, hannu ɗaya kawai a wurin aikin, ka bari kamar minti guda. Auna da mitar gwada wuta sai ta sauka ƙasa da bolt 10. Sake aunawa bayan ɗan lokaci, don takan ɗan dawo da wuta da kanta. Masu gitta mata turnabis don ta yi tartsatsi suna lalata ta ne, har da allon haɗin wutar filash ɗin. Wanda ba shi da mita, ya tsaya nan ya kai wa mai gyaran rediyo.

Ƙwan ɗan bututun gilashi ne mai iskar zenon, siriri kamar tsinken tsire. Tsagar gashi ɗaya ta isa iskar ta fita. Waya uku gare shi: ɗaya a kowane baki, ta uku kuma mai tayarwa, wadda ke kawo dubban bolt zuwa jikin gilashin ko madubin bayansa. Duba wannan ta ukun tukuna, sau da yawa ita kaɗai ce ta zame, ƙwan lafiya lau. In sauyawa za ka yi, tsawo da kauri su zama daidai da na tsohon, kuma bakunan biyu ba ɗaya ba ne, ka yi wa tsohon alama kafin ka cire. Kada ka taɓa gilashin da yatsa, maiƙon hannu yana ƙonewa a kansa ya rage masa kwana. Dalma kuwa a yi ta da sauri, daƙiƙa biyu ko uku, zafi mai yawa yana fasa bakin gilashin. Mayar da ƴan robobin da ke riƙe da shi yadda suke. Lokacin hunturu a yi wannan aiki a ɗaki rufe, ƙurar da ta shiga madubi sai an sake buɗewa.

Gurnani daga cikin kai lokacin kunnawa, keken da ke matsar da ƙwan gaba da baya ne ya sauka daga layinsa. Mayar da shi. In kuwa kullum da cikakken ƙarfi yake haskawa ko ka rage shi, transisto mai yanke wuta, IGBT, ya ƙone. A filash mai araha, kuɗin wannan gyara yakan kusa kai na sabo.

Bayan ka rufe, gwada shi a hannu da ƙarfi mafi ƙanƙanta, kamar 1/128, sau goma, ka hau zuwa cikakken ƙarfi, 1/1, kana barin rabin minti tsakani. Juya kan sama, ƙasa, hagu da dama kana dannawa, don wayar da ta kusa tsinkewa a gwiwa sai a wata kusurwa take nuna kanta. In ka ji ƙauri ko ƙarar tas-tas, cire pil nan take.