Yadda ake amfani da man kifi wajen rage maiƙon jini

Kafin ka sayi kwalba ko ɗaya, yi gwajin jini da safe, bayan awa 8 zuwa 12 ba ka ci komai ba sai ruwa. Maiƙon jini ba iri ɗaya ba ne. Man kifi yana aiki ne a kan irin da ake kira tiragilisarayid, ba ya sauke mugun kolestarol da ake rubutawa LDL, wani lokaci ma yakan ɗan ɗaga shi. In tiragilisarayid bai kai 150 mg/dL ba, lafiya lau. Daga 500 zuwa sama akwai haɗarin kumburin fankiriyas, gaɓar cikin ciki da ke samar da insulin, wannan kuwa sai likita, a Asibitin Malam ko na Murtala in kana Kano.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne karatun kwalba. Za ka ga 1000 mg ɓaro-ɓaro a gaba. Juya bayanta. Yawancin na kemis sinadarin EPA 180 mg ne da na DHA 120 mg, wato 300 mg kacal a kafso ɗaya, kuma waɗannan biyun su ne maganin. Abin da ake buƙata na su biyun giram 2 zuwa 4 ne a rana, wanda yakan sauke tiragilisarayid da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Mai shan kafso ɗaya kullum ɓarnar kuɗi kawai yake, don sai ya sha bakwai kafin ya kai giram 2. Shi ya sa likitoci suke rubuta mai ƙarfin. Man hantar kifi kuma daban ne, yana ɗauke da bitamin A mai yawa, kada a ninka shi, balle ga mai juna biyu.

A raba man kifin da za a sha a rana gida biyu, a sha a tsakiyar cin abinci mai ɗan maiƙo, ya fi shiga jiki kuma gyatsa mai ƙarni tana raguwa. Zafin Kano na Afrilu yana lalata shi. Duba lambar NAFDAC, ka huda guda ka sansana, in yana warin ruɓa ka zubar. Ajiyarsa a inuwa ko firji.

Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ko asfirin, da wanda bugun zuciyarsa ke rikicewa, ya faɗa wa likita tukuna. Sannan a rage lemon kwalba da zoɓo mai sukari, a ci titus ko sadin sau biyu a mako, tarwada ba ta kai su ba. Bayan mako 8 zuwa 12 a sake gwaji.